Wa ya ba mai mulki iko? Ƙarfi, doka da halasci a tarihin tsarin mulkin Nijar

In kundin tsarin mulki shi ne uwar dokoki, kamar yadda aka koya mana a makaranta, yaya aka yi uwar ta faɗi amma ƴaƴan suna nan suna yawo? Tun ƙarshen Yulin 2023, da sojoji suka yi juyin mulki, aka jingine kundin 25 ga Nuwamba 2010. Amma alƙali a Tawa bai daina yanke hukunci ba, jandarma bai daina tambayar takardun mota a hanyar Ƙonni ba, mai shago kuma ba a yafe masa fatanti ba. Da wane iko suke yin haka? Shi kuma wanda ke sama da su duka, wa ya ba shi nasa?

Kwanan baya a fadar da nake zama da yamma, ana jiran shayi na biyu, gardamar ta tashi. Wani ɗalibin shari'a na Jami'ar Djibo Hamani ya ce ƙuri'a kaɗai ke ba da mulki, duk abin da ba ita ba ƙwace ne. Abokinsa mai kabu-kabu ya ce masa: "Kai, ba ka ga yadda filin wasa na Seyni Kunce ya cika maƙil da masu goyon bayan sojoji a watan Agustan 2023 ba? In waɗannan ba jama'a ba ne, su wane ne?" Wani dattijo da ke gefe yana jan carbi ya ce: "Ƴaƴana, ku bar wahalar da kanku. Mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so." Saurayin ya ce: "Haka ne Baba, amma ai ta hannun wani yake bayarwa."

Abin da su ukun ba su lura ba shi ne kowannensu yana da manyan malamai a bayansa, waɗanda suka ƙarar da shekaru suna rubutu a kan wannan tambaya. Ba su kashe gardamar ba, amma sun rarrabe mana abubuwan da muke cakuɗawa.

Abu uku ne, ba ɗaya ba

Ɗan fashi a dajin Abalak yana karɓar kuɗinka, jami'in duwan ma yana karɓa. Dukansu da bindiga a kusa. Na farko ƙarfi kawai gare shi. Na biyu yana da ƙarfi, yana da takardar doka da ta ce ya karɓa, kuma, in abubuwa na tafiya daidai, kai ma a zuciyarka ka yarda cewa aikinsa ne. Wannan yardar ta zuci ita ake kira halasci. Ƙarfi daban, bin doka daban, halasci daban. Gwamnati na iya samun ɗaya ta rasa biyu, ko ta samu biyu ta rasa ɗaya.

Bajamushe Max Weber, wanda ya rasu a 1920, shi ne ya fi shahara a wannan fage. A wurinsa, abin da ya sa hukuma ta zama hukuma shi ne ita kaɗai aka yarda ta yi amfani da ƙarfi a cikin iyakokin ƙasa. Ya ce mutane na miƙa wuya ne saboda ɗaya daga dalilai uku. Akwai gado da al'ada: ana bin Sarkin Adar a Illela don haka aka tarar iyaye da kakanni na yi. Akwai kwarjinin mutum shi kansa, irin wanda tsofaffi har yau ke ba da labarinsa game da Kunce, wanda aka ce yakan faɗo ma'aikata ba sanarwa. Sai kuma tsarin doka, inda kujerar ake girmamawa, wanda ke kanta yau in ya sauka gobe ya koma mutum kamar kowa.

Sai dai Weber bai ce wane ne mai gaskiya ba. Bayani ya yi kan abin da ke sa mutane biyayya, ba hukunci ba. Shi ya sa wani masani ɗan Ingila, David Beetham, ya yi masa gyara a 1991: bai isa a ce mutane sun yarda ba, sai an duba ko an samu mulkin ta hanyar ƙa'idojin da ke akwai, ko ƙa'idojin sun dace da abin da masu mulki da waɗanda ake mulka suka yi imani da shi, sannan ko akwai wani aiki a fili da ke nuna amincewar jama'a. Da wannan ma'auni, halasci ba kamar rawani ba ne da ake naɗawa rana ɗaya. Yana ƙaruwa, yana raguwa.

Mai ginin gida da mazauna gida

A 1789, ana gab da juyin juya halin Faransa, wani limamin coci mai suna Sieyès ya kawo rabe-raben da har yau ɗaliban shari'a a Yamai da Tawa ke haddacewa. Ya ce akwai ikon kafawa, akwai ikon da aka kafa. Al'umma ce mai ginin gida. Shugaban ƙasa da majalisa da kotu mazauna ne, kowa da ɗakin da aka ba shi. Mazauni ba ya rushe katanga don ɗakinsa ya yi masa kaɗan. Mai gida kuwa in ya ga dama ya rushe duka ya sake sabo.

Zancen yana da daɗin ji har sai an tambaya: a ina ake samun wannan al'umma a yi magana da ita? Ba ta da ƙofar gida, ba ta da lambar waya. Kullum wani ne ke tashi ya ce da bakinta yake magana. Taron ƙasa da ya zauna a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ƙarƙashin Farfesa André Salifou, ya ayyana kansa mai cikakken iko, ya rage wa Janar Ali Saibu mulki ya bar masa suna. Ba ƙuri'ar gama-gari ce ta kawo wakilansa ba: ƴan ƙwadago ne da ɗalibai da jam'iyyu da ƙungiyoyi. Duk da haka mutane da yawa na kallonsa a matsayin ranar da al'umma ta yi magana, musamman da jinin ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 bai bushe a zukata ba. Abin da ya ƙarfafa halascinsa daga baya shi ne ya mayar da maganar ga masu ita: aka yi zaɓen raba gardama ranar 26 ga Disamba 1992, aka yi zaɓen shugaban ƙasa a 1993.

Daga samun ƴancin kai zuwa yau mun ga jamhuriya bakwai, da kundin 1960, 1989, 1992, 1996, 1999, 2009 da 2010, da juyin mulki biyar da suka yi nasara: 1974, 1996, 1999, 2010, 2023. Babu ko ɗaya a cikin waɗanda suka rubuta ko suka rushe da bai ce don jama'a ya yi ba.

Tazarce: shekarar da aka gwada duk ka'idojin nan a gabanmu

Wanda ke son fahimtar wannan ilimi ba sai ya je Jamus ba. Shekarar 2009 ta ishe shi.

Kundin 9 ga Agusta 1999 ya ce a aya ta 36 shugaba na yin shekara biyar, ana iya sabunta masa sau ɗaya tak. Aya ta 136 kuma ta kulle ƙofar: ba a taɓa aya ta 36 ko da wace irin kwaskwarima. Wa'adin Tanja Mamadu na biyu zai ƙare ranar 22 ga Disamba 2009. Sai masu Tazarce suka ce a bar Baba Tanja ya ƙarasa ayyukan da ya soma: madatsar Kandaji, matatar mai ta Damagaram, gada ta biyu a Yamai. Kuma a faɗi gaskiya, Tanja na da farin jini a karkara, ba na haya ba.

Lauyoyinsa sun san Sieyès. Suka ce ai ba gyaran kundi za a yi ba, sabo za a kawo, kuma mai gida za a tambaya ta hanyar raba gardama. Wa zai hana al'umma magana? Akwai ma misali a Faransa: a 1962 De Gaulle ya tsallake majalisa ya kai batun zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye gaban jama'a, kuma majalisar tsarin mulkin ƙasarsu ta ce ba ta da hurumin duba abin da al'umma ta yanke da kanta.

Kotun tsarin mulkin Nijar, ƙarƙashin Hajiya Salifu Fatimata Bazeye, ba ta bi wannan hanya ba. Ranar 25 ga Mayu ta ba da ra'ayi cewa ayar da ta ba shugaba damar kiran raba gardama ba ta ba shi damar sauya kundin da ya rantse zai kare ba. A nan ya kamata a tuna cewa rantsuwar a kan Alƙur'ani aka yi ta, abin da ya sa maganar ta fita daga ofisoshin lauyoyi ta shiga masallatai da kasuwanni. Washegari Tanja ya rushe majalisar dokoki. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dokar kiran zaɓen, kuma hukuncinta, bisa kundin, ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Ranar 26 ga Yuni Tanja ya ɗauki ikon ta-ɓaci na aya ta 53. Ranar 29 ya rushe kotun kanta. Aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, ƴan adawa suka ƙaurace, hukuma ta ce sama da kashi 92 cikin ɗari sun amince. Jamhuriya ta shida ta zo da ƙarin shekara uku. Ba ta cika wata bakwai ba: ranar 18 ga Fabrairu 2010 Salu Jibo ya kifar da ita da rana tsaka.

Abin da kotun ta gane, kuma nake ganin shi ne zuciyar al'amarin, shi ne mazaunin gida ne ya rubuta tambayar, shi ya sa ranar, shi ya kori duk wanda zai iya cewa a'a, sannan ya ce mai gida ya yi magana. Al'umma na da ikon sake kundinta, babu musu. Amma in wanda zai ci moriyar amsar shi ke riƙe da tambayar da akwatin da alƙalin, ba a san muryar wa aka ji ba.

Ga kuma abin da ke sa malaman shari'a ciwon kai: shugaban da aka zaɓa sau biyu ya fita daga doka, sojan da ba wanda ya zaɓa ya kifar da shi, ya dawo da Fatimata Bazeye kan kujerar majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya, ya shirya zaɓe ya sauka a Afrilun 2011. Ɗalibin fadarmu da mai kabu-kabu, kowa na iya ɗaukar wannan labari ya ce shi ya ba gaskiya.

Kelsen, Schmitt, da alƙalin da ya wayi gari da sabon maigida

Mu koma ga tambayar farko, ta uwa da ƴaƴa. Hans Kelsen, ɗan Ostiriya wanda ya taimaka wajen tsara kotun tsarin mulkin ƙasarsa a 1920, ya kwatanta dokoki da hawa-hawa: umarnin perfe na samun ƙarfi daga dokar minista, ita daga dokar majalisa, ita kuma daga kundi. To kundin fa? Kelsen ya ce a can ƙarshe akwai wani tushe da ba a rubuta ba, ɗauka kawai ake yi cewa ya wajaba a bi kundin farko. Ya ƙara da cewa in aka yi juyi, sabon tsari ya kafu har mutane na binsa a zahiri, to tushen ya sauya. Tsofaffin dokoki na ci gaba da aiki, amma da izinin sabon mai iko. Shi ya sa masu juyin mulki kan yi saurin sanar da cewa dokokin da ke akwai suna nan sai wadda aka soke. Dokar hukunta laifuka ta 1961 ta ratsa jamhuriya bakwai da gyare-gyarenta ta wannan hanya. Uwa ta faɗi, wani ya ɗauki riƙon ƴaƴan.

Kelsen bayani yake yi a matsayin malami, amma alƙalai suka mayar da bayanin lasisi. A Pakistan, cikin Oktoban 1958, kotun ƙoli ta kafa hujja da shi a shari'ar wani mutum mai suna Dosso (ba Dosonmu ba) ta ce juyin da ya yi nasara ya zama doka. Ba a kwana biyu ba Janar Ayub Khan ya kori shugaban da aka yi hukuncin dominsa. Kotun Yuganda ta bi sahu bayan faraminista Obote ya yi watsi da kundin ƙasarsa a 1966. A Najeriya kuwa, a shari'ar Lakanmi ta 1970, kotun ƙoli ta yi ƙarfin hali ta ce sojoji ba su fi kundi ba. Cikin makonni kaɗan gwamnatin Gowon ta fitar da doka mai lamba 28 ta shafe hukuncin. Pakistan ta dawo ta warware nata a 1972, amma bayan janar ɗin da ake magana a kansa a lokacin, Yahya Khan, ya riga ya sauka. Alƙalai sun fi iya faɗa wa soja gaskiya in ya tuɓe kaki.

Abokin hamayyar Kelsen shi ne Carl Schmitt. Shi ya ce ku bar zancen takarda: mai iko na gaskiya shi ne wanda ke yanke cewa an shiga halin ta-ɓaci, a ajiye doka. A 1931 suka yi muhawara kan wa ke gadin kundi. Schmitt ya ce shugaban ƙasa, Kelsen ya ce kotu. Bayan shekara biyu Schmitt ya shiga jam'iyyar Hitler, Kelsen kuwa aka kore shi daga aiki. Ayar ta-ɓaci ta 48 a kundin Jamus na wancan lokaci, da aya ta 16 a kundin Faransa na 1958, da tamu ta 53 da Tanja ya ɗauka, duk dangin juna ne. Yuni 2009 a Yamai maimaicin muhawarar 1931 ce, da mutane na gaske.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: aya ta 141 a kundin 1999 ta yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin 27 ga Janairu 1996 da na 9 ga Afrilu 1999, ranar da aka kashe Bare Mainasara. Aya ta 185 a kundin 2010 ta yi wa na 18 ga Fabrairu 2010 haka nan. Duka biyun an sa su cikin ayoyin da ba a taɓawa. Ba a yi wa mutum afuwa kan abin da yake halal. Ke nan masu juyin da kansu ba su gamsu da cewa nasara ta wanke su ba.

Ba daga Turai kaɗai aka yi wannan tunani ba

Dattijon fadarmu ma ba shi kaɗai ba ne. Al-Mawardi, wanda ya rasu a Bagadaza a 1058, ya yi magana kan sarautar da aka samu da ƙwace: ya ce halifa na iya amincewa da wanda ya kama yanki da ƙarfi, don kada hukunce-hukunce su lalace a bar mutane ba shari'a, amma da sharaɗin ya tsayar da adalci ya bi dokokin addini. Ya riga Kelsen da kusan shekara ɗari tara, kuma ya fi shi da sharaɗi. Al-Magili, wanda ya zauna a ƙasar Ayar kafin ya wuce Kano, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan wajiban mai mulki, ciki har da zama a saurari koken talakawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da aka haifa a Maratta nan cikin jaharmu a 1754, ya soki sarakunan Hausa kan harajin zalunci da ƙwace dukiyar mutane. Maganar nan da ake yawan jingina masa, cewa mulki na iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci, magana ce ta halasci tsantsa.

Sarautar Hausa ma ba ta taɓa zama doki ba linzami ba. Gobir na da Tara, Katsinar Maraɗi na da Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi, masu zaɓen sarki waɗanda shi kansa sarkin ke shakkarsu. Wanda ke cewa taka wa mai mulki birki baƙon abu ne da Bature ya kawo, bai karanta tarihin gidansu ba.

Masanan Afirka na zamani sun juyo da tambayar ta wata fuska. Ɗan Kenya Okoth-Ogendo ya ce matsalarmu ita ce muna da kundaye amma ba mu da ɗabi'ar miƙa wuya ga kundi: shugabanni na son takardar don ta ba su iko, ba sa son ta don ta rage musu. Masu bincike na cibiyar LASDEL a Yamai, irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou, sun shiga asibitoci da kotuna da ofisoshi suka nuna cewa bayan dokar da ke rubuce akwai wata ƙa'ida ta aikace wadda kowa ya sani kuma ita ake bi. Mu a Tawa ba ma buƙatar a ba mu misali. Tun 1961 akwai dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga makiyaya. Dokar na nan. Gonakin ma suna nan, can bayan iyakar.

Inda ɓangarori suka tsaya a yau

Masu goyon bayan CNSP, majalisar sojojin da suka karɓi mulki a 2023, na cewa ƙuri'a ta daɗe da zama fanko. Suna tuna zaɓen 2016, da Hama Amadu ya yi takara daga kurkukun Filinge, ƴan adawa suka ƙaurace wa zagaye na biyu. Suna tuna kama shugabannin farar hula a 2018 kan dokar kasafin kuɗi, da badaƙalar sayen makamai da ta fito a 2020, da mutum 137 da aka kashe a ƙauyukan Tiliya ranar 21 ga Maris 2021. Hujjarsu tsohuwa ce, masanin Ingila Thomas Hobbes ya faɗe ta tun 1651: biyayya ladar kariya ce. Sun ƙara da ta ƴancin ƙasa: ficewar sojojin Faransa a Disamban 2023 da na Amurka a 2024, da jure wa takunkumin CEDEAO lokacin da aka yanke wuta aka rufe iyakar Ƙonni. "Zancen ƙasa ne" ba taken banza ba ne a wurinsu.

Ɗaya ɓangaren na cewa ranar 2 ga Afrilu 2021 ce karon farko a tarihinmu da zaɓaɓɓen shugaba, Mahamadu Isufu, ya miƙa wa wani zaɓaɓɓe, Mohamed Bazum, kuma ko da zaɓen na da aibu, akwai ranar da aka sani za a sake shi. Taron jama'a a fili ana ganin waɗanda suka zo, ba a ƙirga waɗanda suka zauna gida. A watan Agustan 2023 an yi zancen riƙon ƙwarya da ba zai wuce shekara uku ba. Babban taron Fabrairun 2025, mai wakilai sama da 700, ya ba da shawarar biyar. Kundin sake gina ƙasa da Janar Abdurahaman Tiani ya sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya ce wata 60, waɗanda za a iya sauyawa gwargwadon halin tsaro, aka kuma rushe jam'iyyu. Ba a kai kundin gaban jama'a a raba gardama ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓangare na farko ya yi gaskiya cewa bin doka a takarda ba ya hana halasci zubewa. Amma halascin da aka gina a kan aiki bashi ne da ake biya kullum: an rage kuɗin mai da na asibiti a 2024, mutane sun yaba, gobe kuma za su tambayi tsaro da farashin hatsi. In an biya, madalla. Tambayar da Kelsen da Fatimata Bazeye da Tarar Gobir duk suka taru a kanta ita ce ta ranar da ba a biya ba: wa ke da hurumin cewa a'a, kuma in ya ce, maganarsa na tsayawa?

Abin da ya shafi mai albasa a Galmi

Talaka ba ya kwana da kundi a ƙarƙashin matashi, amma yana haɗuwa da shi a wurare ƙalilan. Na farko meri. Tun Afrilun 2024 aka rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi da na jahohi, aka naɗa masu riƙo. Wani mai riƙon na iya fin tsohon magajin gari aiki nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne kansilan da ka zaɓa ka san gidansu, ka san yana buƙatarka bayan shekara biyar. Wanda aka naɗa daga sama, sama yake kallo.

Na biyu kotu. In rikicinka da maƙwabci ne kan gona, ko da makiyayi kan burtali, dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da sarkin gari suna nan kamar da. In kuwa rikicinka da hukuma ne, ko da wata doka da aka fitar daga fadar shugaban ƙasa, a nan ake jin rashin. A ƙarƙashin kundin 2010, mutumin da ke gaban alƙali na iya cewa dokar da za a hukunta shi da ita ta saɓa wa kundi, a dakata a tambayi kotun tsarin mulki. Mutane kaɗan ne suka taɓa amfani da wannan dama, amma ƙofar na nan. In hannu ɗaya ke rubuta doka yana zartar da ita, ƙofar ta ƙuntata.

Na uku shi ne sanin gobe. Ɗan kasuwar da zai zuba kuɗi a rumbun albasa, ko ɗan ci-ranin da ke Abijan yana tunanin gina gida a Tawa, yana son ya san ƙa'idar bana za ta kai baɗi. Jamhuriya ta uku ta mutu ne a kan wannan: a 1995 Shugaba Mahaman Usman da faraminista Hama Amadu suka yi ta ja-in-ja kan wa ke kiran taron ministoci, wa ke naɗa manyan ma'aikata, kundin da aka kwaikwayo daga Faransa bai raba su ba, albashi ya maƙale, soja ya shigo.

Akwai kuma wani sabon abu. Kundin Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Dukan kundaye bakwai da suka gabata da Faransanci aka rubuta su, harshen da akasarin masu jefa ƙuri'ar raba gardama ba sa karantawa. Aka ce musu "i" ko "a'a", suka zaɓi launin takarda. Ɗalibin fadarmu ya ce zai nemo ayoyin sabon kundin ya juya mana su da Hausa, aya bayan aya, a karanta bayan la'asar. Mai kabu-kabu ya ce in ya kawo, shi zai sayi sukarin shayin.